Rim inci nawa ya dace da motar gudu a kan titunanmu?

Sani Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin mota, domin abin da ya same ni a makon jiya ya sa na fara tunanin ko tun wurin saye na yi kuskure. Wata huɗu ke nan da na karɓi Ford Mustang ƙirar 2017, mai injin EcoBoost lita 2.3, kuma ta zo da rim inci 20 da taya 265/35 R20. Ba zan ɓoye muku ba, rim ɗin ne ya fara ɗaukar idona kafin ma in buɗe inji. Ranar Alhamis ina dawowa Katsina daga Daura bayan magariba, gab da shiga Mashi wata babbar mota ta haske mini ido, sai na faɗa wani rami da zurfinsa bai wuce na kwanon sha ba, amma ƙarar da na ji sai da ta sa na yi salati. Da gari ya waye na tarar bakin rim na gaba na hannun dama ya lanƙwashe, gefen tayar kuma ya yi ƙululu kamar ƙwan kaza. Dama tun kafin haka mahaifiyata ta daina shiga motar, ta ce duk tsakuwar da aka taka a ƙugunta take jin ta. Shin in gyara wannan in ci gaba da inci 20, ko in sauko zuwa 19, ko 18, ko ma 17? Abin da nake tsoro shi ne kada in sami laushi in rasa yadda motar take kama kwana, wanda shi ne dalilin sayen ta.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Allah Ya kiyaye gaba, Ya sa iyakar asarar ke nan. Kafin a shiga ra'ayi, bari mu karanta lambobin da ke jikin tayarka, domin rabin amsar tana nan. Lamba ta farko, 265, faɗin taya ne a milimita. Ta biyu, 35, tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taɓa ƙasa, kashi 35 ne cikin ɗari na wancan faɗin, wato kusan milimita 93. Ta ƙarshe ita ce girman rim a inci. Kamfanin Ford ya fitar da wannan ƙira da girma huɗu, kuma idan ka lissafa za ka ga 255/40 R19 tana da gefe milimita 102, 235/50 R18 tana da kusan 118, ita kuwa 235/55 R17 tana da 129. Abin lura shi ne dukansu huɗun tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 686 da 694. Saboda haka duk incin da aka ƙara wa ƙarfe, daga roba da iska aka zaftare shi. Wannan roba da iskar su ne suke fara karɓar duka kafin ya isa ga sifirin da shok, kuma idan rami mai kaifin baki ya matse su har ƙarshe, sai rim ya daki bakin kwalta kai tsaye, ya datse zaren da ke cikin gefen tayar. Ƙululun da ka gani ke nan: zare ya tsinke daga ciki, iska ta turo roba. Ba a yi masa faci, kuma ina roƙon ka kada ka hau babban titi da ita ko da zuwa Batagarawa ne.

Mubarak GRA:
Yallaɓai Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ina ganin ka nuna gefe ɗaya na maganar. Wanda yake son laushi ai ba Mustang zai saya ba, Camry tana nan, Avalon tana nan. Gajeren gefen taya ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Idan ka juya sitiyari, sai gefen tayar ya gama lanƙwasawa kafin motar ta bi umarninka, kuma gwargwadon tsayinsa gwargwadon jinkirin. Ni ina tuƙa wata motar a kan inci 19, na kuma taɓa gwada irinta a kan 17, kuma bambancin a fili yake: a kan 17 sai ka ji kamar kana ba ta shawara ne, a kan 19 kuwa kana faɗa tana cikawa. Hatta masu tseren Formula One sun bar rim inci 13 sun koma 18 a shekarar 2022, kuma ba na jin sun yi haka ne don su rage wa motocinsu kama hanya. Yaya Sani, ni shawarata ka gyara abinka, ka kuma daina tafiyar dare.

Injiniya Bala:
Mubarak, maganarka ta saurin amsa sitiyari gaskiya ce, ban musa ba. Amma misalin Formula One ya fi ƙarfafa tawa hujjar, domin shekaru masu yawa motocin da suka fi kowace mota a duniya kama kwana suna gudu ne a kan inci 13 da taya mai kaurin gefe, kuma ba injiniyoyin ƙungiyoyin ne suka zaɓi canjin don ƙarin gudu ba, dokar gasar ce ta canza, wani ɓangare na dalilin kuma shi ne a kusanto da tayar tsere ga irin wadda ake sayar wa jama'a. Akwai kuma bambanci tsakanin saurin amsa sitiyari da yawan riƙon da taya take yi wa ƙasa. Riƙo ya fi dogara da irin robar da faɗinta, da kuma ko tayar tana manne da titi a kowane lokaci. A kan kwalta mai santsi kamar tabarma gajeren gefe yana da riba. Amma ka ɗauki kwana mai gargada, irin wadda manyan motoci suka murɗe kwaltarta ta yi kunya-kunya kamar gona: babban rim ya fi nauyi, nauyin kuma yana ƙasan sifirin ne, inda shok yake fama ya danne shi, saboda haka tayar takan yi tsalle ta bar ƙasa na ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin ba ka da sitiyari, ba ka da birki a wannan ƙafar. Mota mai turawa da ƙafar baya kamar Mustang, idan bayanta ya yi irin wannan tsallen kana kan totur a tsakiyar kwana, ba abin wasa ba ne.

Oga Lawal Bakanike:
Salamu alaikum. Ni ban iya lissafin Injiniya ba, amma shekaruna sama da ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin mota, kuma zan faɗi abin da hannuna ya taɓa. Idan aka kawo mini mota mai babban rim da siririyar taya, kafin in ɗora ta a jak na san abin da zan tarar: bushin ya tsage, bol-joyin yana kaɗawa, shok yana zubar da mai tun lokacinsa bai yi ba. Dukan da taya ta ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, wani ƙarfen ne yake biyan bashin. Game da gyaran rim kuwa, Malam Sani, ka sa a cire tayar a wanke rim ɗin da omo, a duba ta ciki da tocila, domin galibi ba bakin waje da kake gani ne ya fi lalacewa ba, bakin ciki ne, wanda ba shi da sanduna masu tallafa masa. A ɗora shi a injin balansin a juya shi a hankali, ka tsaya ka kafa ido a bakinsa, za ka ga yana lilo idan ya karkace. In lanƙwasa ce kaɗan, ana iya miƙar da shi. In ka ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ka haƙura da shi. Na ga waɗanda aka yi wa walda suka yi wata biyu lafiya, sannan suka buɗe a daidai wurin, ko kuma kowace safiya mai motar yana layin mai faci yana ƙara iska bai san ta inda take fita ba. Rim na ƙarfe irin na da ana buga shi da guduma ya dawo, amma na alminiyam ba ya son wuta, ba ya son guduma.

Alhaji Garba Daura:
Ina karanta ku tun ɗazu ina murmushi. Mu da muka tashi da Peugeot 504 wadda ake haɗawa a Kaduna, rim ɗinta inci 14 ne, tayar kuwa gefenta kamar bangon rumbu, kuma da ita muke zuwa Kano ta Kazaure, mu shiga ƙauyuka ta hanyar burji, ba mu taɓa sanin wai rim yana lanƙwashewa don an faɗa ƙaramin rami ba. Na san ba za a haɗa ta da motar Sani wajen gudu ba, ba kuma ina cewa a koma jiya ba ne. Abin da nake so yaran nan su gane shi ne Bature ya auna inci 20 ne da titin da yake bi. Kai kuma Sani, ɗana, ka zauna ka lissafa hanyoyin da kake bi a wata: nawa ne sabuwar kwalta, nawa ne lungun unguwa da ruwan damina ya zaizaye, nawa ne tudun rage gudu da mutanen gari suka gina da kansu ba tare da awo ba? Da mafi munin hanyar da ba ka da makawa sai ka bi ta za ka auna. Sannan maganar mahaifiyarka ba ƙarama ba ce a wurina.

Mubarak GRA:
Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan maganar Hajiya. Sai dai ina so a yi wa babban rim adalci ta wani wajen, wato birki. Ba kowace mota ce za ta karɓi ƙaramin rim ba, domin faifan birki da abin da yake matse shi suna zaune ne a cikin rim ɗin. Kada Yaya Sani ya kashe kuɗi a kan 17 ya zo ya tarar ba ta shiga.

Injiniya Bala:
Wannan gyara ne mai kyau, na gode. A wannan ƙirar, EcoBoost ta asali tana da faifan gaba milimita 320, kuma tana karɓar inci 17. GT, wato Mustang mai babban inji, tana da 352, wadda ba ta sauka ƙasa da 18, ita kuwa GT mai birkin Brembo faifanta 380 ne, da inci 19 take fitowa. Akwai EcoBoost da aka ƙara wa babban birki tun daga kamfani, don haka Malam Sani ya leƙa ya auna nasa kafin ya yi ciniki. Akwai kuma tarko biyu da nake ganin mutane suna faɗawa. Na farko shi ne a ga noti biyar a ce ai duk ɗaya ne. Tazarar notin Mustang milimita 114.3 ce, ta Mercedes 112, ta tsofaffin BMW kuma 120, kuma wanda ya tilasta 112 a kan 114.3 yana lanƙwasa ƙusoshin ƙafarsa ne a hankali. Ko rim ɗin Camry, da tazarar notinsa ta yi daidai, ramin tsakiyarsa milimita 60.1 ne alhali Mustang tana buƙatar 70.5, ba zai zauna ba. Ga kuma zurfin zaman rim, wanda ake rubutawa da ET a bayansa, wanda idan ya kauce sosai taya za ta riƙa gugar jikin mota ko ƙafar shok. Tarko na biyu ya fi yawa: mutum ya sauko zuwa inci 18, mai shago ba shi da 235/50, sai ya ce ga 235/40, ai duk 18 ce. Wannan tayar tsayinta milimita 645 ne a maimakon 692. Malejinka zai nuna 100 alhali kana kan 93, cikin motar zai matso ƙasa da fiye da santimita 2, gefen tayar kuma ya dawo 94, wato ka sayi sababbin rim huɗu ka koma inda ka baro.

Hajiya Dakta Rabi:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ina da BMW mai ƙofa biyu wadda ta zo da inci 19, gaba 225/35, baya 255/30, kuma tayoyin irin waɗanda ake iya ci gaba da tafiya a kansu bayan sun sace ne, masu taurin gefe kamar itace. Aikina yana kai ni Kano kusan kowane mako, ta Charanchi da Kankiya da Bichi, kuma a shekarar farko na rasa taya uku. Abin da ba a ambata ba har yanzu shi ne wahalar samu. Ranar da ta baya ta fashe, na zagaya masu taya a cikin Katsina ban sami girmanta ba, aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, da ƙyar aka samo guda ɗaya 'yar Beljiyam, da na karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, sai na ga ta haura shekara takwas da ƙerawa. Motar ta yi kwana tara a ajiye kafin sabuwa ta iso daga Legas. Tunda gaba da baya ba girmansu ɗaya ba, ba na iya musanya su don su ci daidai. Daga baya na koma inci 17 da 225/45 a duk ƙafafun huɗu, da taya ta gama-gari, na kuma sayi safaya na ajiye a but. Na yarda da Mubarak cewa sitiyarin ya ɗan rage kaifi, na ji hakan a makon farko. Amma yanzu ina isa Kano ba tare da ciwon wuya ba, kuma a wuraren da kwalta ta lalace na fi samun natsuwa, domin motar ta daina zillo tana neman kauce wa layinta. Malam Sani, ka buɗe but ɗinka ka duba, da yawa daga cikin Mustang ɗin nan ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da gwangwanin gam, kuma gam ba ya toshe gefen taya da ya yage.

Sani Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, kamar kin gani, ba safaya, famfon ma babu, wanda ya riga ni ya cire. Na gode ƙwarai. Oga Lawal, na bi shawararka yau da rana, an cire tayar an wanke rim, kuma akwai tsaga a bakin ciki, tsawonta kamar gaɓar yatsa, wadda da ba a haska ta da tocila ba ba zan taɓa ganin ta ba. Na auna faifan birki kuma ƙaramin ne. Yanzu tambayar ta rage tsakanin 17 da 18 da 19. Zuciyata tana karkata ga 19 saboda kyan gani, amma bambancin milimita 9 da Injiniya ya lissafa tsakaninta da 20 bai yi mini kama da abin da zai hana abin da ya faru ya sake faruwa ba.

Oga Lawal Bakanike:
Milimita 9 bai kai kaurin ɗan yatsanka ba, Malam. In za ka sauko, ka sauko da gaske. Sannan ina da ƙorafi a kan iska, wanda ya shafi kowane girma. Yawancin masu faci idan ba ka tsaya a kansu ba sai su ɗura wa taya 45 ko 50, wai don ta yi ƙarfi, wasu ma da ɗan ƙarfe suke ƙwanƙwasa ta su saurari ƙara. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba babbar lambar da ke jikin taya ba, wadda iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, ka auna da sassafe kafin rana ta daki tayar. Idan ka yi tafiya a zafin watan Afrilu ka auna ka ga ta hau da 4 ko 5, kada ka sace, haka take yi, za ta sauko idan ta huce. Da sanyin hunturu kuma takan ragu, kuma siririyar taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi saurin cin rim. Na sha ganin wanda ya zo yana kukan mota ta yi tauri zai canza shok, muka rage iska zuwa yadda kamfani ya rubuta, ya tafi bai sayi komai ba.

Mubarak GRA:
To, tunda an taru a kaina, zan sassauta zuwa 18, amma ba zan bi ku zuwa 17 ba. Mustang mota ce mai babban jiki, a kan 17 sai ta yi kamar ƙato sanye da takalmin yaro, kuma mai saye gobe zai rage mata kuɗi. Sharaɗina ɗaya ne, Yaya Sani: kuɗin da ka rage a kan rim ka zuba shi a taya mai kyau, sabuwa, mai harafin gudu W ko aƙalla V, wato mai jure kilomita 270 ko 240 a awa, ba don za ka kai can ba, sai don irin wannan ginin ya fi jure zafin kwaltarmu, gefensa kuma ya fi tsayawa a kwana. Taya mai kyau a kan 18 za ta fi taya mai arha a kan 20 kama hanya, wannan kam na yarda.

Injiniya Bala:
A nan mun haɗu. Ni ma 235/50 R18 zan zaɓa wa wannan motar a wannan garin: gefen ya ƙaru da milimita 25 a kan abin da yake da shi yanzu, maleji bai canza ba, kuma girma ne da Ford da kansa ya fitar da ita da shi. Abin da zai rasa shi ne faɗi, daga 265 zuwa 235, saboda haka a kan busasshiyar kwalta mai kyau iyakar riƙonsa zai ɗan ragu, ya san da wannan kafin ya taka totur a shataletale. A ruwan sama kuwa tayar da ba ta cika faɗi ba ta fi yanka ruwan da ya kwanta. Ya duba lambar nauyi da ke kusa da harafin gudu kada ta gaza wadda ke jikin ƙofa, ya ɗora rim ɗin da zai saya a sikeli ya gwada da tsohon, domin akwai na kwaikwayo masu nauyin tsiya, sannan a yi alaimen bayan an ɗaura, tunda dukan da ya tsaga rim da wuya ya bar saitin ƙafar yadda yake.

Sani Ƙofar Ƙaura:
Ina sake gaishe ku bayan mako uku. Na samo rim inci 18 na asalin Mustang guda huɗu daga Kano, na sa sababbin taya ƙirar bara, na kuma sami safaya. Da aka ɗora ta a injin alaimen an tarar ƙafar dama ta gaba ta buɗe, kamar yadda Injiniya ya yi hasashe. Na je Daura na dawo sau biyu. A kwanar farko na ji ɗan jinkirin da Mubarak ya faɗa, kamar motar tana numfasawa kafin ta juya, amma zuwa tafiya ta biyu hannuna ya saba, kuma rawar da sitiyari yake yi a wuraren da aka yi wa kwalta faci ta ragu sosai. Ramin nan na kusa da Mashi na gan shi da rana, na kauce masa, ban gwada ba. Ranar Juma'a mahaifiyata ta yarda na kai ta gidan ƙanwarta a Ƙofar Sauri, ba ta yaba ba, amma ba ta yi ƙorafi ba sai a kan ƙarar salansa. Rim uku na inci 20 suna nan a gareji ga mai bukata, na huɗun kuwa Oga Lawal ya hana ni sayarwa, ya ce in kai wa masu narka tukwane.

Mubarak GRA:
Yaya Sani, ka turo mini hoton ukun ta akwatin sirri, da lambar ET da ke bayansu. Akwai abokina da yake neman biyu.